Gajeren Sifirin: Me Ya Sa Ƙafar Mota Ke Rikicewa Bayan An Sauke Ta?

Ranar da aka sauke mota daga kan jak bayan an sa mata gajeren sifirin, babu wanda zai ce ba ta yi kyau ba. Giɓin da ke tsakanin taya da madigadi ya rufe, motar ta zauna daram kamar an dasa ta a ƙasa. Koke-koken sai daga baya suke zuwa, kuma kusan iri ɗaya ne a ko'ina: tana ta lilo bayan an haye tudu, tana buga "gum" idan ta faɗa rami, sitiyari yana fizga da kansa a kan gargada, tayoyin gaba sun cinye ta ciki alhali ta waje zanensu yana nan, shokozoba ya fara zubar da mai. Daga nan sai a ce sifirin ɗin jabu ne, ko bakanike bai iya aikinsa ba. Wani lokaci hakan ne. Amma sau da yawa sifirin na gaske ne, kuma an ɗaura shi inda ya kamata. Abin da ya faru shi ne an taɓa abu ɗaya a cikin tsarin da aka auna kowane yanki nasa da ɗan'uwansa, aka bar sauran yadda suke.

Tushen maganar duka tazara ce. Mota tana tsaye, taya yana da wani fili da zai iya hawa sama cikinsa idan ya taka tudu, da wani da zai iya sauka idan ya shiga kwari. Wannan filin shi ne numfashin ƙafar mota, wato sifirin da shokozoba da hannuwan da ke riƙe taya, kuma ba shi da yawa. Tsayin da ka cire wa mota da gajeren sifirin, daga wannan filin na hawa sama ka ciro shi, milimita da milimita, domin bodi ne ya sauko ya matso kusa da taya.

Mu ɗauki lissafi mai sauƙi don misali. A ce kusurwa ɗaya ta gaban mota tana ɗauke da kilo 400, sifirin ɗinta kuma yana matsewa da milimita ɗaya a kan kowane kilo biyu da rabi. A ce kuma bayan motar ta zauna, akwai sauran milimita 80 kafin ƙafa ta kai ƙarshen tafiyarta. Wato sai an ƙara wa wannan kusurwa nauyin kilo 200 kafin tazarar ta ƙare. To, ka sauke motar da milimita 35, saura 45. In taurin sifirin bai canza ba, kilo 112 kacal ya isa ya cinye abin da ya rage. Idan kana son milimita 45 ɗin nan su riƙe kilo 200 kamar da, sai taurin sabon sifirin ya kusan ninka na tsohon. Masu ƙera gajeren sifirin na hawa kullum ba kasafai suke kai taurin can ba, saboda motar za ta zama kamar amalanke, kuma shokozoban asali ba zai iya da shi ba. Sai su tsaya a tsakiya. In an ƙara taurin da kashi 30 cikin ɗari, lissafinmu zai ba da kilo 146. Ya fi 112, amma bai kai 200 ba. Ma'ana ramin da motar take shanyewa a da ba ka ji komai ba, yanzu zai kai ta bango.

Bangon nan roba ce. A jikin sandar shokozoba, ƙarƙashin rigar da ke kare ta daga ƙura, akwai wata roba mai kama da soso mai tauri, galibi ruwan ɗorawa, wadda aikinta shi ne ta tare ƙafa kafin ƙarfe ya gamu da ƙarfe. A motocin zamani ba tokare kaɗai take yi ba, an ƙera ta ne ta zama ƙaramin sifirin na biyu, mai laushi da farko, mai tsananin tauri in an ƙara matsa ta. Motar da aka sauke sosai takan zauna dab da wannan roba, wata ma a kanta take tafiya. Wannan ne ke kawo dukan da mutum ke ji har cikin bayansa. Ni abin da ya fi damuna a nan ba rashin jin daɗin ba ne. Idan kana cikin kwana, nauyi ya kwanta a kan tayan waje, ƙafar ta riga ta hau kan roba, sai kuma ga ɗan tudu a tsakiyar kwanar, babu sauran inda taya zai je. Sai ya yi tsalle ya saki kwalta na ɗan lokaci, kuma tayan da ba ya kan kwalta ba ya juya mota, ba ya tsayar da ita. Wanda ya sauke motarsa don ta riƙe hanya, garin gyaran gira ya rasa ido ke nan. Wasu kamfanonin suna haɗo gajeriyar roba a cikin kwalin, wasu suna rubuta yawan abin da za a yanke daga ta asali. A bi abin da suka rubuta. Cire ta gaba ɗaya kuwa kuskure ne babba, domin daga nan shokozoba ne zai riƙa dukan gindinsa har bawul ɗin ciki ya lalace.

Shokozoba shi ne wanda ya fi shan wahala a wannan sauyi, kuma shi ake yawan mantawa da shi. Sifirin ba ya kashe girgiza. Ajiye ƙarfin dukan yake yi, sannan ya mayar da shi. Da za a bar shi shi kaɗai, mota za ta yi ta hawa da sauka kamar kwale-kwale. Shokozoba ne ke tilasta wa mai bi ta ƙananan ƙofofi, ya mayar da wannan ƙarfi zafi, lilon ya mutu. Girman ƙofofin an auna shi ne da taurin sifirin na asali. Motar gida ta yau da kullum tana lilo kamar sau ɗaya zuwa ɗaya da rabi a daƙiƙa. In ka sa sifirin mai tauri, lilon ya ƙara sauri, turowar da yake yi bayan an matsa shi ta ƙara ƙarfi, shokozoban da aka yi wa mai laushi sai ya kasa riƙe shi. Shi ya sa za ka ga motar da aka sauke tana tafe tana gyaɗa kai a kan titi mai santsi. In kuwa shokozoban ya riga ya yi kilomita dubu ɗari a jikin motar, to, sabon sifirin ƙarasa shi zai yi. Mai motar zai ce sifirin ne ya kashe shi, alhali da ma a bakin rai yake.

Akwai kuma batun tsayi. An yi shokozoban asali don ya yi aiki a tsakiyar tafiyarsa, yanzu kuma an danna shi ƙasa, a can yake wuni. Sannan idan taya ya sauka iyakar saukarsa, kamar lokacin da aka ɗaga mota a jak ko ta haye tudu da gudu, doguwar sandarsa tana iya buɗewa fiye da tsawon gajeren sifirin, sifirin ya saki mazauninsa. In ya dawo bai zauna daidai ba, ga ƙara, ga haɗarin ya goga taya ko bututun birki. Wannan ne dalilin da ya sa kamfanin Bilstein na Jamus yake da shokozoba B6 na motar da ke tsayinta na asali, da B8 wanda aka gajarta don motar da aka sauke. Shi ne kuma dalilin da ya sa gajeren sifirin na kirki yake da wasu zagaye masu laushi a gefe ɗaya, waɗanda suke haɗewa da juna idan mota ta zauna, su buɗe idan taya ya sauka, su riƙe sifirin a wurinsa. Waɗannan zagayen da ke kwance kan juna su ne wani lokaci ke yin ƙarar "ƙas-ƙas", shi ya sa ake sa musu rigar roba.

Yanzu mu zo wurin da ido ba ya gani, wato kusurwoyi. Yawancin ƙananan motoci a gaba suna da tsarin da ake kira da sunan Earle MacPherson, injiniyan Amurka wanda tsarinsa ya bazu ta motocin Ford na Ingila a farkon shekarun 1950. Shokozoba da sifirin a haɗe suke a tsaye, sai hannu ɗaya a ƙasa da ya haɗa taya da bodi. A tsayin asali, wannan hannun ƙasa yakan kasance a kwance, ko ya ɗan gangara daga bodi zuwa taya. Idan ka sauke motar, gefen da ke jikin bodi ya yi ƙasa, gefen taya yana inda yake, hannun sai ya koma yana kallon sama ta wajen taya.

Abu biyu ke biyo baya. Na farko ya shafi tangaɗi. Kowace mota tana da cibiyar nauyi, tana kuma da wani wuri da bodi ke jujjuyawa a kansa idan ta kwanta a kwana, wanda kusurwar hannuwan ƙafa ke tsayar da shi. Nisan da ke tsakanin waɗannan wurare biyu kamar tsawon sufana ne: in ya ƙaru, ƙarfin da ke kwantar da mota ya ƙaru. A tsarin MacPherson, idan aka sauke mota, wurin jujjuyawar yakan faɗi fiye da yadda cibiyar nauyi ta faɗi. Sufanar ta ƙara tsawo. Don haka wani ɓangare na taurin da ka saya, a yaƙi da matsalar da saukewar ta haifar yake ƙarewa. Ba na cewa babu riba ko kaɗan. Saukar da cibiyar nauyi tana rage nauyin da ke komawa kan tayoyin waje, wannan gaskiya ne. Amma ribar tana da iyaka, kuma da zarar hannun ƙasa ya wuce kwance sosai, asara ta fara rinjaye.

Na biyu shi ne fizgar sitiyari. Tayarod, wato sandar da ke haɗa sitiyari da taya, da hannun ƙasa an tsara su ne su riƙa hawa da sauka tare, kusan a baka ɗaya, don taya ya ci gaba da kallon gaba ko yana sama ko yana ƙasa. In ka fitar da su daga yankin da aka auna, bakansu ya bambanta, sai ya zama duk lokacin da taya ya hau tudu, tayarod ya ja shi ko ya tura shi kaɗan. Taya ya juya da kansa ba tare da ka taɓa sitiyari ba. A kan titi mai kyau ba za ka ji ba. A kan gargada da gudu za ka ji motar tana neman hanyarta daban da taka. Alayimen, wato saita kusurwoyin tayoyi, ba ya maganin wannan, domin mota a tsaye take lokacin da ake yi mata alayimen, matsalar kuwa sai ƙafa tana motsi take fitowa.

Cinyewar taya ta ciki ita ce ƙorafin da aka fi ji, kuma kusan kowa karkata yake zargi, wato yadda saman taya ke jingina ciki bayan an sauke mota. Karkatar tana da nata laifi, amma babban mai laifin shi ne inda tayoyin suke fuskanta. Taya mai ɗan karkata da digiri ɗaya ko ɗaya da rabi, in yana kallon gaba sak, zai daɗe. Amma tayan da ya buɗe baki waje ko ciki da milimita kaɗan, jan sa ake yi a kaikaice a kan kwalta kowace mita, kamar ana goga shi da zarto. Idan karkata da buɗewa suka haɗu, duk gogar a kan gefen ciki take sauka, inda mai mota ba ya gani sai ya durƙusa. Shi ya sa alayimen bayan saukewa dole ne, kuma ba a ranar kaɗai ba. Sabon sifirin da robobinsa sukan ɗan ƙara zama bayan an yi tafiyar kilomita ɗari biyu ko uku, saboda haka a daidaita fuskantar tayoyin nan take don kada su ci, sannan a koma a yi cikakke bayan motar ta zauna. A sani kuma motoci da yawa ba su da wurin gyara karkata daga kamfani. A gaba ana iya sa kusoshi na musamman masu ƙusumbi. A baya, musamman mai hannuwa da yawa, sai an sayi hannu mai daidaituwa. Wannan kuɗi ne da ya kamata a lissafa tun kafin a kwance noti ɗaya.

Motocin da ke da gatari guda a baya suna da nasu. Akwai wata sanda da ke kwance a gicciye tana hana gatarin zamewa gefe, wadda ta samo suna daga kamfanin Panhard na Faransa. In an sauke bodi, kusurwarta ta canza, ta tura gatarin duka gefe ɗaya, sai ka ga taya ɗaya ya leƙo waje, ɗaya ya shige ciki. Tsofaffin motoci marasa ABS (na'urar da ke hana taya kullewa idan an taka birki) kuma da yawansu suna da wani bawul a baya da ke auna nauyi ta hanyar tsayin mota: in baya ya yi ƙasa, sai ya ɗauka an yi lodi, ya ƙara wa birkin baya ƙarfi. Ka sauke irin wannan mota ba ka daidaita bawul ɗin ba, za ta riƙa ɗauka kullum a cike take, tayoyin baya su kulle kafin na gaba idan an taka birki da ƙarfi, motar ta juya. Sababbin motoci ma ba su tsira ba: na'urar da ke daidaita hasken fitila da tsayin ƙafa take aiki, kyamara da radar da ke taimaka wa birki da riƙe layi kuma an saita su ne a tsayin asali, sai an sake saita su.

Sai kurakuran ɗauri, waɗanda su ne suka fi ba ni takaici, saboda kauce musu ba ya cin ko sisi. Babbansu shi ne ɗaure kusoshin hannuwa mota tana rataye a sama. Bushin na roba, wanda ke mahaɗar hannu da bodi, ba juyawa yake yi kamar boris ba, murɗewa yake yi. Inda aka ɗaure shi, nan ne wurin hutawarsa. In ka ɗaure shi taya yana reto, sannan ka sauke motar, robar za ta kasance a murɗe dare da rana, kuma a motar da aka rage wa tsayi murɗar ta fi yawa. Ba za ta daɗe ba za ta tsage. Kafin ta tsage ma, takan riƙe motar sama kaɗan, mai ita ya yi ta mamakin me ya sa ba ta sauka yadda aka rubuta a kwali ba. Ƙa'ida ita ce a sassauta kusoshin bushin, a ɗora nauyin mota a kan tayoyinta, sannan a ɗaure. Har bushin ɗin da ba a kwance ba ya kamata a yi wa haka, tunda shi ma a tsohon tsayi aka ɗaure shi.

Bakin sifirin yana da gurbi a mazauninsa, in bai shiga ba mota za ta karkace gefe ɗaya ta riƙa ƙara a kwana. Na gaba da na baya ba sa musanya. Mota iri ɗaya mai injin dizal ko babban inji ta fi mai ƙaramin inji nauyi a gaba, lambar sifirinsu daban ce. Ka sa na mara nauyi a mai nauyi, hancinta zai nutse fiye da kima. Notin saman shokozoba ba a ɗaure shi da bindigar iska, domin tana juya sandar ciki da ƙarfi ta ɓata abin da ke riƙe mai. Kuma tunda an riga an kwance komai, robar saman shokozoba da boris ɗinta in sun tsufa a canza su a lokacin, kada a biya kuɗin aiki sau biyu. Wanda zai yi aikin da hannunsa kuwa, ina roƙonsa ya ji tsoron sifirin da aka matse. Nauyin ɗaruruwan kilo ne a ɗaure cikinsa, in matsewar ta kuɓuce yana karya hannu da muƙamuƙi, yana kisa. Ba a kwance notin sama sai an tabbata sifirin ya saki mazauninsa a cikin abin matsewa mai inganci.

Yanke sifirin na asali ko gasa shi da wutar walda don ya kwanta, wannan ba ya cikin abin da zan ba kowa shawara. Wuta tana kashe horon da aka yi wa ƙarfen, ya yi ta lotsawa ba daidai ba har ya karye. Yankewa tana ƙara tauri kaɗan saboda zagayen sun ragu, amma ba ta kai ta rama tazarar da aka rasa ba, kuma bakin da aka yanke sau da yawa ba ya zama a gurbinsa.

Gogar ƙasa kowa ya san ta: bamba, salansa, da kwanon baƙin mai, wanda in dutse ya huda shi inji na iya ƙonewa cikin mintuna. A tuna kawai cewa tsayin da ka gani mota ba kowa a ciki ba shi ne tsayinta da mutum biyar da kaya a but ba. Doka ma tana da baki. A Jamus gajeren sifirin yana zuwa da takardar amincewa, kuma sau da yawa sai masu binciken mota irin su TÜV sun duba an shigar da shi cikin takardun motar. A Ingila kamfanonin inshora suna buƙatar a sanar da su, in ba haka ba suna iya ƙin biya idan an yi haɗari. Motar da ke cikin garanti kuma, kamfani na iya janye hannunsa daga duk abin da ya lalace sanadiyyar sauyin.

Da wannan duka, ban ce kada a sauke mota ba. Kamfanonin mota da kansu suna sayar da samfurin da ya fi na gama-gari ƙasa da milimita 10 zuwa 20, amma da nasa shokozoba, da nasa robar tokare, da nasa lambobin alayimen. Kamfanonin Eibach da H&R suna yin sifirin da ke sauke mota da milimita 25 zuwa 40, wasu har 50. A ganina, ga motar da ake hawa kullum, 25 zuwa 30 ne yankin da ake samun kyan gani ba tare da an rushe kusurwoyi ba, muddin shokozoban sabo ne ko an sa wanda ya dace. Da zarar an doshi 40, gajeren shokozoba da kayan gyara karkata sun zama wajibi. Wanda yake son ya wuce haka, gara ya sayi haɗaɗɗen shokozoba da sifirin mai zare, wanda aka ƙera jikinsa gajere tun asali, ko da yake shi ma ba ya gyara kusurwar hannun ƙasa.

In an riga an sauke motarka kuma kana zargin ba ta da sauran numfashi, akwai gwaji mai sauƙi. Ka ɗaga rigar ƙura, ka ɗaura ɗan zaren roba mai zugewa a jikin sandar shokozoba, ka tura shi ƙasa ya zauna a bakin jikin shokozoban mota tana kan tayoyinta. Ka yi tafiyar da ka saba, a kan hanyar da ka saba, da nauyin da ka saba ɗauka. In ka dawo ka tarar zaren ya haura har ya nutse cikin robar tokare alhali ba ka faɗa wani babban rami ba, to, a kan roba kake tafiya, kuma abin da za a fara dubawa shi ne tsawon robar da tsawon shokozoba, kafin a taɓa komai.